Bazarar da Jinkarmu Ta Rasa Masu Ɗauka

Bazarar bana ta zo da irin zafin da ke sa kaji su buɗe baki su saki fukafukai. Ina zaune a zauren ɗana Bello a nan Dogon Dutsi, ina kallon ɗakin da yake gina mini a bayan gida. Bango ya kai, saura rufi. Rediyonsa na kan tabarma, wani mutum a ciki yana ta zuba, wai ƙasarmu tun ranar da ta samu mulkin kai ta haramta bambanci tsakanin ɗan wannan ƙabila da ɗan waccan, a wajen zaɓe da wajen zama da aiki da makaranta. Yana faɗa yana jan numfashi kamar shi ya haifi dokar. Na ce wa Bello ya rage masa murya. Na san dokar nan tun tana jaririya. Ranar da aka kawo ta garinmu ina wurin, da tulu a kaina.

Mu Fulani ne, amma ba na yawo ba. Kakan maigidana shi ya sauka a gefen wani gari da ke gabas da Kore Mairuwa. Ba zan faɗi sunan garin ba, jikokinsu suna gaishe ni in mun haɗu a kasuwa, ni ma ina amsawa. Aka ba shi aron wata gona ta farin yashi wadda ko ƙaya ba ta son fitowa a cikinta, aka gindaya masa abin da ake gindaya wa kowane baƙo: ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya, ba ya gina ɗakin ƙasa. Bukka ce tasa, ta kara da zana. Kowane rani a tumɓuke ta a matsa gaba kaɗan, shanu su bi, su kwana a sabon wuri su zuba taki. In an gama zagaye tamu gonar sai a koma ta Maigari, sai ta ƙanensa, sai ta liman. Ina amarya na ɗauka al'adarmu ce kawai. Sai da na yi wayo na gane dalilin da ya sa mutanen gari suka fi mu son al'adar nan. Ɗakin ƙasa ba ya matsawa, kuma gidan da ba ya matsawa gona ɗaya yake yi wa taki.

Kaka ya mutu baƙo, uba ya mutu baƙo, maigidana aka haife shi a wurin, cibiyarsa na cikin gonar, shi ma baƙo. Sunansa Altine. Yanzu da ya rasu kuma na tsufa ina iya faɗinsa, a da ko da wuƙa ba za ka ji shi a bakina ba. Mutum ne mai sanyin hali, mai yarda da maganar manya fiye da yadda ta cancanta.

Damanar da ta gabaci wannan labari na binne ɗiyata ta fari, wadda har gobe ba na kiran sunanta. Watanta bakwai. An yi kwana biyar ana ruwa, bukka ta jiƙe har gadon kara, babu busasshen zane ko ɗaya a gidan. Na rungume ta a ƙirji ina hura mata numfashi, sanyi ya shige ta duk da haka, tari ya biyo. Da aka zo gaisuwa matan gari suka ce kwana ne ya ƙare. Na yarda kwana ne. Amma na lura kwanan ɗiyan masu bangon ƙasa bai cika ƙarewa a cikin marka ba.

To, shekara ta biyu da tafiyar Nasara, bayan an gama shigar da hatsi rumbu, aka yi shela cewa wani babban ma'aikaci zai zo daga Dogon Dutsi da maganar gwamnati. Komi ake ce musu, masu zama a biro, wato ofis, suna rubutu. Aka share gindin gawo, aka shimfiɗa tabarmi, makaɗa suka ɗaure ganguna tun hantsi. Ya iso da azahar cikin mota, da malafar Nasara a kansa da gardi biyu a bayansa. Na san uwarsa, 'yar Matankari ce, ta sha sayen man shanu a hannun uwata. Amma ɗan nata sai ya tsaya yana Faransanci, wani yana juya mana da Hausa, shi kuma yana gyaɗa kai kamar yau ya fara jin harshen.

Mutanen gari na inuwa. Mu da Bugaje muna bayansu a tsaye cikin rana, inda muka saba tsayawa. A haka aka karanta mana cewa daga yau babu Ba'are, babu Bafillace, babu Buzu, babu Bazabarme, babu ɗa babu bawa. Kowa zai jefa ƙuri'a, kowa zai zauna inda yake so, kowa zai samu aiki, ɗan kowa zai shiga lakkwal, makarantar boko. Wanda ya nuna bambanci hukuma za ta kama shi. Aka yi guɗa. Maigari ya fi kowa tafi. Ko mutum ɗaya bai matsa ya ba mu inuwa ba.

Sai na ji muryar Altine, mutumin da ko a gida sai ka kasa kunne.

"Ranka shi daɗe, har ɗaki? Mutum na iya gina ɗakin ƙasa?"

Tafinta ya juya, komi ya yi murmushi ya amsa, tafinta ya sake juyowa. "Ya ce har soro in kana iyawa."

Aka kwashe da dariya. Maigari ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya dubi Altine da fuska a sake. "Doka doka ta, Altine. Wane ni in hana abin da gwamnati tab bari? Gina abinka."

A hanyar komawa na ce masa dariyar nan ba ta yi mini daɗi ba. Ya ce, "Ke dai ba ki da yarda. Gaban mutane yah hwaɗi, gaban hukuma." Ni kuwa a lokacin na riga na san ina da ciki, kuma na lissafa haihuwar za ta faɗo farkon damana. Ina son bangon nan fiye da shi.

Kada in yi wa dokar ƙarya, ta yi aiki. Kafin wata ya mutu aka nemi mazan da za su zuba tsakuwa a hanyar mota, Maigari ya tuna yanzu duk ɗaya muke, sunan Altine ya fara kira. Aka nemi yaran lakkwal, ya ɓoye nasa a ƙauyen kakanninsu ya cika adadin da ɗiyan Fulani da na Bugaje. Ranar zaɓe kuma gardi ya miƙa mini takarda ɗaya, ya nuna mini akwati ɗaya, na jefa. Ranar kam na yi daidai da uwargidan Maigari, don ita ma ba ta san abin da ta jefa ba.

Da sanyi ya ja baya muka fara. Akwai ramin da duk garin ke ɗibar ƙasar gini, jar laka mai kyau, jifa biyu daga bukkarmu. Altine ya je da sanhon ɗibar ƙasa sai ga saƙon Maigari: shi bai hana ba, amma akwai doguwa, aljana, a ramin nan, kuma ba ta san mu ba, in wani abu ya faru kada a ce bai faɗa ba. Shekara arba'in muna kwana kusa da ita ba ta san mu ba. Muka koma wani busasshen tafki da ke kudu, tafiyar hantsi guda. Takarkarinmu ɗaya ne, shi ke ɗauko laka a buhunan fata, sawu biyu a yini, har gashin bayansa ya ƙare.

Ruwa shi ne babbar wahala. Rijiyar garin gaba talatin ce da wani abu, in ka saki wasaki, gugan fata, sai ka gaji da jira kafin ka ji ya taɓa ruwa. Matan gari ke fara ja da sassafe. Mu sai rana ta take, igiya ta yi zafin da ke sale tafin hannu, ruwan ya zama rabi laka. Daga abin da muka ja a shayar da shanun da suka rage a gida, a dafa, a sha, saura a zuba wa gini. Na daina wanka sai ranar Juma'a. Tulu takwas nake kaiwa a yini, cikin yana girma, yashi yana ƙona ƙafa har sai na riƙa tsayawa a inuwar kowace sabara ina ɗaga ƙafa ɗaya. Bazara ta shigo sosai, ciyawa ta ƙare, nonon shanu ya koma abin da ba zai cika ƙaramar ƙwarya ba. Da rana iska ba ta motsi. Ƙudaje ma a gajiye suke tashi.

Ba mu san gini ba, ina za mu san shi? Maginin garin ya ce bayansa na ciwo, ciwon da bai hana shi gina wa liman rumbu a watan nan ba. Tubalinmu na farko da rana ta busar da shi sai ya tsattsage. Wanda ya cece mu wani tsoho ne, Arzika, Ba'azne, wanda bai taɓa sa goshi a ƙasa ba, yana zaune shi kaɗai a bakin daji da karnukansa. Ya tsaya yana kallonmu wata safiya, ya tofar da taba.

"Aradu wanga ba tubali ba na, dawo na. Ku sa ciyawa, ku sa kashin shanu, ku bari shi kwana ukku shi ruɓa. Ku da ad da kashin shanu duk ƙasag ga, kun rasa na sa ma laka?"

Shi ya ja mana da'ira a ƙasa da igiya da turke, shi ya nuna wa Altine yadda ake jera tubali ana ɗaure shi. Ni ke cuɗa laka da ƙafa. Kago ne, ɗaki mai zagaye, ba babba ba. Da bangon ya kai ƙirji sai in shiga in zauna a cikinsa da azahar, in jingina bayana da shi in ji sanyin ƙasa. Ban taɓa jingina da abin da yake namu ba kuma bai motsa ba sai ranar.

Sai jinka. A ƙasa ake ɗaure ta, kusa da bango. A kafa tsaiko na itace, a zagaye shi da tanka, a baibaye da ciyawa, in ta gamu maza su kewaye ta su ɗaga gaba ɗaya su ɗora a kan bangon. Nan kam ba mu nemi malami ba, ciyawa sana'ar matan Fulani ce. Na yanta ta da hannuna, kuma nan na yi nawa kuskuren. Duk sanda na ɗora layi sai in tuna ɗigon ruwa a fuskar yarinyar nan, sai in ƙara wani. Na ninka baibaya sau biyu, wajen gabas sau uku. Arzika ya zo ya kama gefe ya gwada, ko motsi ba ta yi ba.

"Bahillata, ɗaki kika rufi ko kabari? Wagga sai mutum ashirin."

Na ce ai garin ya fi mutum ashirin.

Danginmu maza ba sa nan, sun kora garke kudu neman ciyawa, ba su dawowa sai ruwa ya sauka. Ko suna nan ma ba su ake nema ba. A ƙasar nan wanda ya sa kafaɗa a jinkarka ya zama shaidarka. Gobe in an ce wurin ba naka ba ne sai ka ce a kira wane da wane, su suka ɗora mini. Shi ya sa ko mai 'ya'ya goma sai ya gayyaci maƙwabta. Altine ya san haka. Maigari ya fi shi sani.

Altine ya bi gida gida ya faɗa, ranar Alhamis da hantsi. Kowa ya ce Allah shi kai mu. Na buɗe rumbunmu na kara, wanda na riga na auna da ido na ga da ƙyar zai kai mu fitar sabon hatsi, na ciro dami biyu. Na sussuka, na surfa, na daka, na kirɓa dawo na mutum ashirin. Nonon kwana uku na tara, ni da shi ba mu taɓa ba. Da hantsin Alhamis na jera ƙoren fura a inuwar bango na rufe da faifai. Sai muka ji ganga daga yamma. Maigari ya kira gayyar sassabe a gonarsa, kuma wa zai ƙi gayyar Maigari? Muka zauna muna jin kiɗan har la'asar.

Da yamma Kande ta zo. Ita ce nake ce wa ƙawata a garin, kullum in ta zo sayen nono ni ke cika mata ludayi fiye da na kowa. Ta zo da ƙwarya babba a ƙarƙashin mayafi.

"Wallahi ba su ji daɗi ba, abin na yaz zo haka. Na ce tun da ba a sha hurar ba, kak ta lalace."

Na cika mata. Har yau ina jin haushin hannuna da ya cika mata.

Altine ya sake sa rana, Litinin. Na sake ciro dami biyu. Ranar Litinin ashe rijiya ke bukatar yasa, duk namiji mai ƙarfi a bakin rijiya. Rijiyar da ta shekara bakwai ba a yashe ta ba. Da na je jan ruwa na ji liman yana yaba wa jama'a, yana cewa haka ake so, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A gabana ya faɗa, ko ƙifta ido bai yi ba.

Arzika ya ce a kwance ciyawar, mu uku mu ɗora tsaiko tsirara, Altine ya hau ya baibaye a sama. Na ce haka za a yi. Altine ya ƙi.

"In mun ɗora mu kaɗai, wa ash shaida? Baɗi su ce mu tashi. Ni ɗakin da anka ɗora man nika so, kamar na kowa."

"Ni wanda ba ya zuba nika so," na ce. "Dubi gabas."

Gabas ta fara tara gajimare da yamma, farare masu kauri, suna tasowa su watse. Iska ta juyo, tana kawo ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwa a wani wuri. Shamuwa ta iso. Shi kuwa ya ɗauki sandarsa da goran ruwa ya nufi Dogon Dutsi a ƙafa, wai zai kai kuka inda aka haifi dokar.

Kwana uku ya yi. Abin da ya ba ni labari, kuma sai da na matsa masa, shi ne komi yana zaune a gidan da kwamandan Nasara ya bari, kuma gardin ƙofa bai yarda Bafillace ya taka baranda ba, a rana ya jira yini biyu. Da aka shigar da shi, ashe mutumin ya iya Hausa sarai in babu taro.

"An hana ka gini?"

"A'a, ranka shi daɗe."

"An buge ka? An rushe? Wani ya ce maka don kai Bahillace na?"

"Ba wanda yac ce."

"To mi kaka so in rubuta? Doka ta hana a hana ka. Ba ta ce a ɗaukam maka jinka ba." Da Altine ya juya zai fita sai ya kira shi. "In ka sake tahowa ka riƙo man shanu. Naku na can ya hi na kasuwa."

Duk da haka bai haƙura ba. Ya ce Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, lokacin da kowa ke wuri ɗaya kuma babu mai kiran gayya. Na ciro dami na biyar da na shida, na ga ƙasan rumbu. Ya sa farar rigarsa ya tafi. Suka yi sahu da shi kafaɗa da kafaɗa, aka sallame, ya miƙe ya faɗa a gaban kowa. Kowa ya ba shi hannu. "Muna tahe, Altine. Wuce, ga mu nan bayanka." Ya dawo da sauri yana ce mini in buɗe ƙore.

Muka jira. Arzika na zaune a gindin bango da karensa. Rana ta karkata. Daga inda muke ana hango bakin gari, ana hango maza zaune a gindin gawo, su ma suna hango mu. Ba su ko ɓuya ba. Zafin ranar nan ban taɓa jin irinsa ba, gumi na bin bayana, ɗan cikin yana harbi. Can Altine ya cire rigar ya ninke, bai dube ni ba.

"Kawo wuƙa mu kwance ciyawar."

Ko layi biyu ba mu kwance ba gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta fara zuwa, ta kifar da faya-fayan, ta cika furar da yashi. Arzika ya ce a bari, a gwada haka nan. Muka kama mu uku, tsoho da mai ciki da mutum ɗaya. Gefe ya tashi kamar taki ɗaya daga ƙasa, na ji wani abu ya tsinke a ƙuguna, muka saki. Sai ruwa ya sauko, irin na fari mai duka kamar tsakuwa. Bukkarmu ta dā iskar ta riga ta yi gaba da rabinta. Babu inda za mu shiga. Arzika ya ɗaga gefen jinka da kafaɗa, Altine ya tura turmi a ƙarƙashi, muka rarrafa muka shige, har da karen.

Ko ɗigo ɗaya bai same mu ba. Baibayata ta yi. Muna tsugune a ciki, ta 'yar kafar da turmi ya bari muna kallon bangon. Ruwa ya cika cikin kagon ya rasa hanyar fita, ya riƙa cin gindin. Saman ya fara narkewa yana gangarowa ja. Kafin magariba gefen gabas ya zauna, a hankali, ba ƙara, kamar saniyar da ta gaji. Na duba sama na ga tanka da ciyawa, na duba ƙasa na ga yashi, sai na gane inda muke. Jinka a ƙasa ai bukka ce. Wata huɗu na jan ruwa, mun gina abin da muka baro.

Da safe duk garin ya fita shuka, don ruwan fari ba ya jiran kowa. Mu ma muka fita, yana sara ina binne iri da diddige, ina dafe da ƙugu. Maigari ya biyo ta kan dokinsa zai je gonarsa, ya ja linzami ya dubi bangon, ya dubi jinkar da Altine ya yanka wa ƙofa.

"Sannunku da ruwa. Ashe dai kun samu ɗaki. Allah shi sa albarka."

Altine ya ce amin. Na ji shi da kunnena.

Ruwa na biyu da na uku suka ƙarasa bangon. Hatsin da ya kamata ya kai mu kaka ya tafi a furar mutanen da ba su zo ba, don haka damanar nan yunwa muka ci. Dusa, tafasa, yaɗiya. Anza, 'ya'yan wani itacen daji, nake jiƙawa kwana huɗu ina canza ruwa don ɗacin ya fita, kuma bai taɓa fita duka ba. Noman farko Altine ya yi shi da igiya ɗaure a ciki. A cikin wannan jinka na haifi Bello, da hantsi, ana yayyafi. Ya rayu, don rufin bai zuba ba. Wannan kaɗai nake ba wa kaina in na tuna.

Abin da ban yafe wa Altine ba ya zo ne da rani. Ɗan Maigari zai yi aure, aka gina masa kago, aka bi gida gida ana faɗin ranar ɗaukar jinka, har bukkarmu. Na ce ba za shi ba. Ya ce in bai je ba za a ce Bafillace ba shi da zumunci. Ya tafi, ya sa kafaɗa, ya sha furarsu, ya dawo da ciyawa a gashin kansa. Ya zama shaidar ɗan Maigari. A ranin nan muka ja jinkarmu da takarkari zuwa gonar liman, lokacinta ne na samun taki. Haka muka yi ta ja har ta ruɓe, kuma har Altine ya mutu bai kwana a ɗakin ƙasa nasa na kansa ba.

Mutumin rediyo ya gama, aka sa kiɗa. Bello ya shigo yana share gumi, shi da lakkwal ɗin da aka tura shi don a cika adadi ta mai da shi mushe, wato malamin makaranta, har ya yi ritaya. Ya ce kwano ya iso, gobe za a rufa mini ɗaki kafin ruwa ya sauka.

"Wa ka ɗorawa?" na ce.

"Kahinta da yaransa, Inna. Mutum ukku sun isa. Yanzu ba a neman kowa."

"Bi gida gida ka hwaɗa ma maƙwabta. Gobe da hantsi."

Ya yi dariya. Ya ce unguwar nan kowa na da aikinsa, wannan ɗan kasuwa, wancan ma'aikaci, kuma filin da takardarsa, da hatimin hukuma, babu mai cewa mu tashi. Ya ce shekararsa ashirin a nan ba wanda ya taɓa ce masa Bafillace.

"Na ji," na ce. "Nima ba wanda yac ce man."

Ya tsaya yana dubana. Na sa aka ɗauko mini turmi, na auna hatsi na mutum ashirin na jiƙa. Shi dai ya tafi ya faɗa. Ni zan zauna a nan bakin zaure, inda ake hango hanya.